Kitson Kai da Kai Ba Rowa Ba Ce, Dabara Ce

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan matan hostal. Maza kuma kada ku yi saurin juya shafin, akwai naku kason a ƙasa.

Akwai wani kallo da ake yi wa yarinyar da aka tarar a gaban madubi da kibiya a hannu tana kitsa kanta. Wata ta ce maƙo ne, wata ta ce talauci ne ya yi mata katutu, wata kuma ta taɓe baki ta ce, "Ke dai wallahi ba ki waye ba." Ni a ganina wannan yarinyar ta fi mu wayewa. Ra'ayina shi ne, duk ɗalibar da ke makarantar nan ya kamata ta iya kitsa kanta ko da guda huɗu ne, ta iya sarrafa ɗankwali da ribom ta fitar da ado daga abin da ke cikin akwatinta, kuma ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki wannan a matsayin abin da ya shafi walwalarmu. Ga dalilaina.

Na farko shi ne aljihu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, babu abin da ya zauna a inda yake, daga kuɗin mota har mudun garin kwaki. Wadda Allah Ya sa ta samu bashin karatu na NELFUND, naira 20,000 ake ba ta a wata na ɗawainiya. Mu yi lissafi irin na 'yan akanta. A ce makitsiya ta karɓi naira 1,500, kuɗin abin hawa zuwa da dawowa ya ci 500, kuma sau biyu za ki je a wata. Kin ga naira 4,000 ta tafi, wato kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke hannunki, ba ki sayi handawut ba, ba ki sa data ba, ba ki ci abinci ba. Wadda ba ta samu bashin ba kuwa, sai dai ta kira gida, alhali ta san halin da Baba yake ciki.

Na biyu shi ne hanya. A da, 'yar Gusau ko Bungudu ko Tsafe ba ta da wata damuwa da kitso. Juma'a ta yi ta hau mota, Asabar da hantsi ta zauna a gaban Inna ko Yaya ko Gwaggo, a tsefe, a wanke da karkashi, a shafe da man shanu, a kitse ana hira. Lahadi ta dawo makaranta kai fes. Yanzu kowa ya san yadda hanyar Gusau zuwa Tsafe har Funtuwa ta zama, da yankin Kwatarkwashi, da wasu wurare a hanyar Sakkwato. Iyaye da kansu ke cewa, "Ki yi zamanki, kada ki taso sai an yi hutu." Ko a Kaura Namoda kike karatu ko a Talata Mafara, ba za ki ɗauki ranki ki ɗora a kan titi saboda kitso ba. To me ke biyo baya? Kai ya yi wata ɗaya da rabi ba a taɓa shi ba, a jefa masa hula, a ɗora hijabi, a ce ai babu mai gani.

Wannan "ai babu mai gani" ita ce maganar da na fi son mu tsaya a kanta. Gaskiya ne, a Zamfara kusan dukkanmu da hijabi ko mayafi muke fita, kuma babu wanda ya isa ya ga gashinmu a aji. Amma tun yaushe tsabta ta koma abin da ake yi don idon mutane? Ki tuna zafin watan Maris da Afrilu, ki shiga lacca tun ƙarfe takwas ki fito azahar, gumi ya jiƙa hular, ki koma ɗaki ba ki bari kan ya sha iska ba. A haka amosani ke samun gida, kai ya dinga ƙaiƙayi, har ta kusa da ke a sahun salla ta fara jin abin da ba za ta iya gaya miki ba. Lokacin hunturu kuma gashi ya bushe ya dinga karyewa kamar kara. Sabon hijabi a kan irin wannan kai, shi ne ainihin kitso da ƙwarƙwata.

Wata za ta ce to ai shi ya sa nake zuwa shago, a yi mini ƙanana masu daɗewa. Nan ma akwai gyara. Kitson da aka matse har girarki ta ɗage, har kika kwana biyu ba ki iya sa goshi a ƙasa da daɗi ba, har ƙananan ƙuraje suka feso a bakin tsaga, wannan kitson cin gashi yake yi. Likitocin fata sun daɗe da sanin irin wannan zubewar gashi da ja ke haddasawa. Daga gaban goshi da gefen kunne take farawa, kuma idan aka daɗe ana yi, saiwar ta mutu, gashin ba ya sake fitowa. Ki duba mata nawa ne a cikin danginku goshinsu ya ja baya tun ba su kai shekara arba'in ba. Hannunki kuwa ba zai taɓa matse ki haka ba, domin ke ce mai jin zafin.

Sai kuma man shamfo mai miƙar da gashi, wanda muke kira rilaksa. A watan Oktoban 2022, masu bincike na Cibiyar Lafiya ta Ƙasa a Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000. Sun gano cewa waɗanda ke yawan amfani da mayukan miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da sankarar mahaifa ya ninka na waɗanda ba sa amfani da su fiye da sau biyu. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukunci a kan kowane kwalin mai ba. Amma mai hankali in ta ji haka za ta rage, tun da gashinmu yana kitsuwa lafiya lau ba tare da an ƙona shi ba.

To yaya ake yi? Abin bai kai wahalar lissafin injiniya ba. Kayan aikin su ne kibiya, mataji mai manyan haƙora, madubi biyu ko madubi da kyamarar waya, man kaɗe ko na kwakwa, da ribom na yadi. Ki guji robar ɗaure kuɗi, tsinka gashi take yi. Ki ɗan jiƙa gashin da ruwa kafin ki taje, ki fara daga baki ki gangaro zuwa tushe. Mai koyo ta fara da kalaba, wato ki raba kai gida shida ko takwas ki kitse kowane gida shi kaɗai. In hannu ya faɗa, sai ki koma manyan zane guda biyu ko huɗu da suka miƙe zuwa ƙeya. Ranar farko tsagar za ta karkace kamar hanyar ƙauye, babu komai, sannu ba ta hana zuwa.

A nan ne ɗankwali ke shigowa. Ki samu siririn gyale ko ragowar yadin da tela ya dawo miki da shi, ki naɗe shi ya zama kamar igiya, ki sa tsakiyarsa a tushen kitson, ki haɗa bakinsa biyu da gashin ki kitse tare. Kitso biyu da aka yi haka sun fi kauri, sun fi tsawo, kuma launin yadin yana fitowa a tsakanin gashin ya dace da atamfar da kika sa. In kin gama, ki naɗe jelar a ƙeya ki soke da fil ɗin gashi. Ki kula, ki ajiye ƙullin ƙasa-ƙasa, kada ya yi tozo a ƙarƙashin hijabi. Wadda ke son ƙari ta sa 'yan duwatsu ko wuri a bakin jela irin na 'yan uwanmu Fulani, amma kaɗan, domin nauyi ma ja ne. Da dare ki cire yadin, ki ɗaura ɗankwali mai santsi ki kwanta, domin na auduga yana shanye man kai. Kada ki rufe kai yana jiƙe. Kada kitso ya wuce mako biyu, kuma ki riƙa canza wurin tsaga.

Wannan hanya tana da wata fa'ida ta fuskar ibada. Hadisin da ya hana ƙarin gashi sananne ne, yana cikin Buhari da Muslim, shi ya sa da yawanmu ba ma sa gashin doki. Sannan malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa kitson da aka matse har ruwa ba ya ratsa shi, ko wanda aka cika shi da zare, sai an warware shi wajen wankan tsarki. Manyan kitso masu sassauci da yadin da za ki zare cikin minti biyu sun raba ki da wannan wahala. Mai son ƙarin bayani ta tambayi malamarta ta Islamiyya.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan sashen kimiyya da injiniya: ranar firaktikal ba ranar sakin jelar gyale ba ce. Yawancin gyalen nan na leda ne, da ya shaƙi wuta sai ya narke ya manne a fata, kuma injin da ke juyawa ba ya tambaya kafin ya fizga. A tattare komai a cusa cikin rigar aiki.

Masu cewa wannan ƙauyanci ne, ina ganin ba su san darajar abin da suka gada ba. Kakanninmu sun yi doka, iyayenmu sun yi zane da shuku da kalaba, kuma sunayen kansu tarihi ne, domin shuku daga ƙasar Yarbawa ya zo, kalaba kuma sunan garin Kalaba ta ɗauko. Ɗaurin ɗankwali ma haka, daga ture-ka-ga-tsiya zuwa ɗaurin Maryam Babangida, zuwa na Zahra Buhari da ya cika gidajen biki. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J.D. Okhai Ojeikere, tun 1968 ya fara bin matan ƙasar nan yana ɗaukar hoton kitsonsu, ya tara kusan guda dubu, kuma an baje su a manyan gidajen nune-nune na Turai kafin rasuwarsa a 2014. A Amurka sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 don hana a wulaƙanta baƙar fata a makaranta ko wurin aiki saboda kitso. Abin da wasu ke zuwa majalisa don su samu damar yi, mu a tsakar gida muka tarar da shi, kyauta.

Akwai ƙorafi guda da na yarda yana da nauyi. Makitsan unguwa, a Tudun Wada ne ko Sabon Gari, da yawansu zawarawa ne da matan da rikicin nan ya raba da ƙauyukansu, da wannan sana'ar suke ciyar da marayu. In duk muka daina zuwa, ba mu toshe musu hanyar abinci ba? Amsata ita ce, babu wanda ya ce a daina zuwa. Kitson Salla, na biki, na ranar yaye ɗalibai, wannan aikin gwanaye ne, kuma idan kin je ki biya da daraja, ban da ja-in-ja a kan naira ɗari biyu. Abin da nake magana a kai shi ne makonnin da ke tsakani, waɗanda dama ba shagon muke zuwa ba, ƙyale kan muke yi ya lalace. Kuɗin da ba ki da shi ba za ki hana kowa ba.

Yanzu ga saƙona ga shugabannin ƙungiya. Hukumar NBTE ta wajabta mana darasin koyon sana'a, kowa ya san kwas ɗin EED. A nema mana a sa kitso da ɗaurin ɗankwali cikin sana'o'in da za a iya zaɓa, a ɗauko ƙwararrun makitsa daga cikin gari su koyar, a biya su. Kun ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, mu mun koya, su sun samu. Ofishin walwala kuma ya ware yammacin Asabar ɗaya a wata a harabar hostal ɗin mata, mata zalla, wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba, cuɗe-ni-in-cuɗe-ki. Kowa ta zo da matajinta da kibiyarta, domin ta nan ƙwarƙwata da makero ke yawo. Wannan ba ya cin kuɗin da taron maraba da sababbin ɗalibai ke ci.

Ku kuma maza masu dariya, ku tuna kuna da ƙanne, gobe kuma za ku yi iyali. Jarin wannan sana'a bai kai kuɗin datar wata ba, kuma yarinyar da ta fita da difloma a hannu ɗaya da kibiya a ɗaya hannun ba za ta zauna jiran takardar ɗaukar aiki da yunwa ba. In ƙanwarka ta ce ka sayo mata ribom da man kaɗe, ka sayo ba tare da ƙorafi ba.

'Yar uwa, Asabar mai zuwa ki tsefe, ki wanke, ki gwada guda huɗu. In sun karkace ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarki ta gyara miki tsagar, ke kuma ki riƙe mata madubi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, har mu koma zuwa gida kowane ƙarshen mako ba tare da fargaba ba.