Ofisoshi da yawa sun ƙidaya ɗan Zango, babu wanda ya bi sawunsa

Makon jiya da yamma na ratsa kasuwar Race Course, sai na ci karo da wata yarinya da na koyar a aji shida, kwano a kai, tana tallar ruwa. Ta ce mini a JHS 2 ta daina zuwa. A rajistar makaranta layi kawai aka ja a kan sunanta. To, a lissafin gwamnati ina take?

Bayanai dai akwai su jibge. Kowace shekara makarantu suna cike takardar ƙidaya da ke shiga EMIS na Ma'aikatar Ilimi. WAEC tana riƙe da sakamakon BECE. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa sakandare ta tsarin CSSPS. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta ƙidaya mu a 2021, mutum kusan miliyan 30.8, Musulmi kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ga ofishin rajistar haihuwa, ga inshorar lafiya, ga masu Ghana Card. Amma ƙidayar makarantu jimla take tambaya: yara nawa, maza nawa, mata nawa. Idan goma sun fita, goma sun shigo daga Arewa, jimlar ba ta motsa ba, alhali yara goma sun ɓace.

Shi ya sa tambayar da ta fi damunmu take da wuyar amsawa. Tun Satumba 2017 sakandare kyauta ce. Yaran Aboabo, Asawase da Sabon Zango nawa ne suka samu gurbi, suka je, suka gama? Yaran makarantun Turanci da Larabci, waɗanda Sashen Ilimin Musulunci ke kula da su tun 1987, yaya suke yi bayan BECE? Mai bincike a KNUST ko Winneba ba zai iya faɗa ba sai an haɗa masa takardun ofis uku ko huɗu a kan yaro guda. A Ingila kowane ɗalibi yana da lambarsa, har suna gwama karatunsa da albashin da ya samu daga baya.

A wajenmu suna ne tarnaƙi. Yaro ɗaya: Muhammad a makarantar allo, Mohammed a takardar haihuwa, Mahama a rajistar ticha, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu aka ƙaga masa. Kwamfuta za ta ɗauka mutum uku ne. Lambar Ghana Card za ta magance wannan, tunda ta riga ta zama lambar haraji tun 2021.

Sai dai ina fahimtar iyayen da suke ja da baya. Ɗan Zango da aka taɓa yi wa tambayar "kakanka daga ina ya zo?" a layin yin kati ba zai yi murna da jin ofisoshi suna miƙa wa juna sunan ɗansa ba. Dokar kare bayanai ta 2012 tana nan, haka dokar ƙididdiga ta 2019. Ra'ayina, a yi haɗin a hannun Hukumar Ƙididdiga kaɗai, a cire sunaye kafin mai bincike ya gani, kuma kada a taɓa amfani da shi wajen tantance wane ne ɗan ƙasa. Sannan sakamakon ya dawo mana unguwa-unguwa, sarakunan Zango da limamai su gani. Yanzu dai mu malamai cikewa muke yi muna aikawa, ba mu sake jin labari.