Daga jirgin ruwan shaƙatawa zuwa tashar Tasawa: a kan wa haramcin zai faɗa?

A manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa na Amurka da Turai, kullum ana raba wa fasinjoji takardar shirye-shiryen yini: lokacin cin abinci, lokacin kiɗa, wurin wasa. Shekaru da dama akan ga wani ɗan layi a cikinta da ke gayyatar "abokan Dorothy" zuwa wata mashaya da yamma. Wanda bai sani ba sai ya wuce. Wanda ya sani ya gane cewa taron masu neman jinsinsu ne. Yau kamfanoni da yawa sun daina sakayawa, suna rubuta LGBT ƙarara, wasu ma sukan ɗauki hayar jirgi sukutum. Ba kowace tasha ke maraba da su ba: a 1998 tsibiran Cayman sun hana irin wannan jirgi tsayawa, a 2012 kuma wani ya fasa yada zango a Kasablanka ta Maroko.

Mutumin Mayahi zai ce ina ruwan biri da gada, tunda tsakaninsa da teku tafiyar kusan kilomita 1000 ce. Sai dai waɗannan haruffa sun riga sun iso gida. Tun farkon 2023 shugaba Mohamed Bazoum ya ce za a saka hukuncin luwaɗi a kundin laifuka da ake yi wa gyara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya haramta ɗabi'un LGBTQIA+, da sunansu. Mali ta yi tata dokar a ƙarshen 2024, Burkina Faso a Satumban 2025, da ɗaurin shekara 2 zuwa 5.

A jahar Maraɗi da wuya ka sami limami ko basaraken da zai soki manufar. Inda gizo ke saƙar shi ne aiwatarwa. An rubuta haramcin da haruffan da babu fassararsu a Hausa, kuma hoton da ke zuwa wa mutane a zuci na Turawa ne masu tuta mai launuka a kan jirgi. Amma jandarman da ke aiki a Tasawa ba zai taɓa ganin wannan jirgi ba. Wanda zai gani shi ne ɗan daudun da ke tuya a bakin tasha, a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

Ƴan daudu kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. An san su wajen bori, wajen biki, wajen sayar da abinci, tun kafin a san intanet. Daudu salon magana ne da tafiya da sana'a; ba shaida ba ce a kan abin da mutum ke yi a ɗakinsa, kuma da yawansu magidanta ne masu mata da ƴaƴa. Wannan bambanci iyayenmu sun san shi sarai, ko da suna tsaki. Ina shakkar ko matashin da ya koyi batun daga bidiyon WhatsApp ya san shi.

Najeriya ta riga mu gwadawa. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, da shekara 10 kan ƙungiya ko taro. Tunda abin da ake yi a ɓoye ba ya kamuwa, sai kame ya koma kan taruka: mutum 53 a wani otel a Zariya a 2017, 19 a hannun Hisbah a Kano a Disamban 2022, sama da 70 a wani bikin ranar haihuwa a Gombe a 2023. Ana nuna fuskoki a gaban kyamara tun kafin a ga alƙali. Ko kotu ta sallami mutum daga baya, a gari kamar Tasawa, inda kowa ya san gidan kowa, wa zai sake sayen abincinsa, wa zai auri ƙanwarsa?

Maraɗi ma ta taɓa ganin inda fushin jama'a ke sauka. A Nuwamban 2000 an yi zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA. A Yamai ake bikin, amma a Maraɗi mashaya da gidajen mata masu zaman kansu aka far wa, mutanen da ba su da hannu a ciki.

Malaman da ke goyon bayan haramcin su ne kuma ke karantar da cewa Musulunci ya hana bin diddigin sirrin mutane, ya kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba. Wannan ɓangare ba a cika jin sa a huɗuba ba idan ana wannan batu. Alhali shi ne zai fi amfani ranar da wani ya shiga ofishin jandarmomi a Mayahi da sunan maƙwabcin da suke rigimar gona da shi.