YUSEF LATEEF: BAƘON DA YA ZO NEMAN SANI

A ranar 23 ga Disamba, 2013, Allah Ya yi wa Dakta Yusef Lateef rasuwa a Amurka, yana da shekara 93. Har yau muna jimamin rashinsa. Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da mabushin jaz? To, saurara.

Wannan bawan Allah baƙar fata ne, haifaffen Amurka, ya karɓi Musulunci tun yana matashi. A kan ilimin boko da na Musulunci ya yi digirinsa na dakta a 1975. Ya yi rubuce-rubuce a kan kiɗansu, ko da yake ya ƙi sunan "jaz", don yana ganin akwai raini a cikinsa. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, yana binciken sarewar Fulani. Shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987.

Ta nan Ƙofar 'Yandaka Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903 don ya mallake mu. Lateef kuwa koyo ya kawo shi ƙasarmu.

Mu fa? Dattawan unguwanninmu suna ta tafiya da tarihin garin nan a ƙirjinsu, ba mu rubuta ba. Sai baƙo ya rubuta, mu koma muna saye?

'Yan uwa matasa, kowa ya ɗauki alƙalami, ya durƙusa gaban tsohon gidansu tun yana raye.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya farkar da mu.