MALAMI DA TAFIYA ƘASAR WAJE: KADA MU GA LAIFIN TAKARDU

A 'yan shekarun nan babu hirar da ta fi yawa a ɗakin malamai kamar hirar tafiya ƙasar waje. Ba abin mamaki ba ne, gama albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma kowa ya san wani da ya tafi ya fara aiko wa iyayensa kuɗi. Amma duk wanda ya taɓa gwada wannan hanya, kukansa ɗaya ne, watau yawan takardun da ake nema da binciken da ake yi wa mutum kamar wanda ake tuhuma da laifi. Ra'ayina shi ne, takardun nan suna da wahala ƙwarai, amma suna bisa gaskiya, kuma akwai darasi a cikinsu domin malamai da ɗalibai da shugabannin makarantunmu.

Bari mu ɗauki Ingila ta zama misali, tun da can ne hankalin yawancin malamanmu ya karkata. A watan Fabrairu na shekarar 2023, Ma'aikatar Ilimi ta Ingila ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe, har da Nijeriya da Gana, ƙofar neman shaidar cancantar koyarwa da ake kira QTS. An taƙaita abin ga masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna, masu digiri da horon malanta da kuma aƙalla shekara ɗaya a aji. Mai takardar NCE kaɗai ba ya ciki. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, wannan shaida ba aiki ba ce, ba kuma biza ba ce. Sai mutum ya nemi makarantar da za ta ɗauke shi ta tsaya masa, sa'an nan ya shiga neman biza. Ƙa'idodin kuma suna canjawa sau da yawa, don haka tilas mai niyya ya karanta na ranar da idonsa.

To, waɗanne takardu ne ake nema? Akwai wasiƙa daga Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, wadda aka kafa da doka a shekarar 1993, mai tabbatar da cewa malamin yana da rajista kuma ba a taɓa hana shi koyarwa ba. Akwai sakamakon jarrabawa daga jami'ar da ya yi karatu. Akwai takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda sai an ɗauki zanen yatsun mutum kafin a ba shi. Idan kuwa ya taɓa zama a wata ƙasa har wata 12 cikin shekara 10 da suka wuce, sai ya kawo irin wannan takarda daga can ma. Akwai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, wanda takardarsa ba ta wuce wata 6, da kuma shaidar iya Turanci. Bayan duk wannan, makarantar da za ta ɗauke shi za ta rubuto wa inda ya yi aiki ta nemi shaida, za ta tambaye shi dalilin kowane giɓi da ta gani a tarihin aikinsa, ta kuma nemi binciken hukumar DBS. Sau da yawa kafin wata takarda ta fito, wa'adin wata ya ƙare, sai a koma baya.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala duka? Amsar tana cikin abin da ya faru a garin Soham na Ingila a watan Agusta na shekarar 2002, inda wani mai kula da harabar makaranta, Ian Huntley, ya kashe 'yan mata biyu masu shekara 10. Daga baya aka gano cewa an sha kai ƙararsa wurin 'yan sanda a wani yanki dabam, amma labarin bai kai ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Rahoton binciken Bichard na shekarar 2004 ya sa aka tsaurara doka, kuma a shekarar 2012 aka kafa hukumar DBS domin tantance masu aiki da yara. Haka nan wani malami Ba'amurke, William Vahey, wanda kotu ta taɓa samunsa da laifin lalata yara a jihar Kalifoniya tun yana saurayi, ya yi shekara kusan 40 yana koyarwa daga wannan ƙasa zuwa waccan, har da birnin Landan, yana cutar da yara maza. Asirinsa bai tonu ba sai a shekarar 2014. Tsallake iyaka ne ya riƙa wanke shi, gama kowace makaranta ta karɓe shi kamar sabon mutum. Wanda ya san waɗannan labarai ba zai ƙara cewa binciken wulakanci ne ga baƙar fata ba, domin ɗan ƙasar ma sai an bincike shi kafin ya shiga aji.

Idan akwai abin da ya kamata malami ya yi dogon tunani a kansa, to, hasarar da ke cikin tafiyar ce. Na farko kuɗi. Tun daga watan Fabrairu na 2024 aka mai da kuɗin kiwon lafiya da baƙo ke biya fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma ana biya gaba ɗaya tun kafin a ba da biza. Mutum da matarsa da 'ya'ya biyu, a bizar shekara 3, za su biya fam 10,866, ban da kuɗin bizar kanta da na jirgi da na hayar gida. Wannan ne ya sa wasu ke sayar da fili ko gonar gado. Na biyu, bizar tana ɗaure da makarantar da ta tsaya wa mutum. Idan aikin ya ƙare, galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya bar ƙasar. Na uku, ajin can ba irin namu ba ne. Ba a dukan ɗalibi, yaro yana iya mayar wa malami magana, iyaye kuma suna da bakin faɗa a kan kowane abu. Malamin da ya saba a miƙe masa idan ya shigo aji, sai ya koyi sabuwar hanyar riƙe yara. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga tsofaffin iyaye da aka bari a gida. Lalle hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma hasarar da ta shafe mu mu da muka rage. Malaman lissafi da kimiyya da ake nema can, su ne waɗanda muka fi ƙarancinsu a nan. Malami ɗaya na fiziks idan ya tafi a tsakiyar zango, aji guda ne zai shiga jarrabawar WAEC ba shiri. Ba na cewa kada kowa ya tafi, gama kowane mutum yana da hakkin neman abin da zai riƙe iyalinsa. Amma mai tafiya ya ba da sanarwa da wuri, ya ƙarasa zangonsa, ya miƙa aikinsa cikin mutunci. Ya tuna cewa shugaban makarantar da ya bari shi ne za a rubuto wa a nemi shaida.

Ina kuma jan kunnen 'yan'uwa game da dillalai masu cewa za su samo takarda cikin kwana biyu. Wanda aka kama da takardar jabu a neman bizar Ingila, ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, ga kuɗinsa ya tafi, ga sunansa ya ɓaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu bari in juyo gida. Sau nawa makarantunmu suke ɗaukar malami ko mai gadi ko mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai don kawai wani dattijo ya ce ya san shi? Sau nawa aka sallami mutum a ɓoye saboda abin kunya, aka ba shi wasiƙar yabo don a rabu lafiya, ya tafi wata makaranta ya ci gaba? 'Ya'yanmu ba su fi na Turawa arha ba. Ya kamata hukumar kowace makaranta ta nemi takardar 'yan sanda da rajistar TRCN, ta tuntuɓi inda mutum ya baro kai tsaye, ta kuma ajiye fayil na kowane ma'aikaci yadda ko bayan shekara 20 za a same shi. Wannan zai kare ɗalibai, zai kuma taimaki malamin kirki ranar da zai buƙaci shaida.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu fita a bana, ku sani cewa wata rana za a tambayi tarihinku. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a kan kowace takarda, gama bambancin harafi ɗaya yakan tsayar da mutum wata da watanni. Ku adana takardunku inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba. Fiye da kome, ku kiyaye halinku, domin satar jarrabawa ko rigimar da ta kai mutum gaban alƙali tana iya rufe masa ƙofa bayan shekaru masu yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba malamanmu haƙuri da lada, waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, ya kuma kiyaye mana yaranmu.