Fitilun Da Ke Kashe Ido A Hanyoyinmu

Duk wanda ya saba kama hanya bayan sallar isha, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, ko daga Bauchi zuwa Gombe, ko daga Kano zuwa Haɗeja, ya san cewa a 'yan shekarun nan an sami ƙarin abin fargaba a kan ramuka da miyagun mutane da tirelolin da ke mutuwa a tsakiyar kwalta ba tare da wata alama ba. Wannan abu kuwa shi ne farar fitilar nan mai ratsin shuɗi da masu motoci ke saye a kasuwa su cusa wa motocinsu, wadda in ta tunkaro mutum sai hanya ta ɓace masa ɗungurungum, ya rasa inda kwalta ta ƙare, ya rasa inda daji ya fara. Abin bai tsaya ga ƙananan motoci ba. Manyan motoci sun jera dogayen fitilu a goshi da kan rufi, masu a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa su ma sun bi sahu, har ta kai babur guda yana dallare mutum kamar janareton gidan biki.

Bahaushe ya daɗe da gano wannan matsala a harshensa. Ba ya cewa haske ya yi yawa kawai, cewa yake haske ya kashe masa ido. A matsayina na mai nazarin harshe, na jima ina sha'awar wannan furuci, domin ya ɗauki abin da ake nema don gani ya ba shi aikin kisa, kuma likitocin ido ba su faɗi abin da ya wuce haka ba. Ido a cikin duhu yakan buɗe ƙwayarsa ya saba da ƙarancin haske sannu a hankali, kuma cikakken sabon nan yana cin minti ashirin zuwa talatin. Idan haske mai ƙarfi ya doke shi farat ɗaya, sai hasken ya watsu a cikin idon ya zama kamar labule, kuma ko bayan motar ta wuce sai an ɗauki 'yan daƙiƙu kafin gani ya dawo. To mai karatu ya yi wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na makanta ke nan sun haura mita 80, tafiyar da ta kusa tsawon filin ƙwallo, kuma direba ya yi ta ne bai ga mai keke ba, bai ga saniya ba, bai ga amalanken da ke gefen hanya ba.

Abin ya fi tsanani ga masu shekaru, domin gwargwadon tsufan ido gwargwadon yadda yake watsa haske. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma tun kafin yana ta kai ga makanta, alamarta ta farko ga mutane da yawa ita ce kasa jure fitilar mota da dare. Da yawa daga cikin direbobin da muka fi amincewa da su a tashoshinmu, dattawan da suka shekara talatin a kan sitiyari, su ne farar fitila ta fi cutarwa.

Sai dai ina so a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Laifin ba na sabuwar fasaha ba ne a karan kanta. Ƙwan halojin mai launin rawaya da muka saba da shi ya fito a Turai a 1962. Kamfanin BMW ya fito da fitilar zinon a 1991, sannan fitilar el-i-di ta fara bayyana a gaban motoci wajen 2007, a wata ƙirar Lexus. Ƙwan halojin na ba da haske tsakanin lumen 1,000 da 1,500 a ƙaramar fitila, na zinon kuwa ya haura 3,000. Masu ƙera motocin sun san haɗarin wannan ƙari, shi ya sa ƙa'idojin da ƙasashen Turai ke bi suka wajabta cewa duk fitilar da ƙwanta ya haura lumen 2,000 dole ta zo da na'urar da ke daidaita saitinta da kanta, da kuma abin wanke gilashinta, tun da gilashi mai datti watsa haske yake yi. Wato fitilar da ƙwan da madubin da gilashin duk tare aka auna su.

Abin da ke faruwa a wurinmu daban ne. Mutum zai je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya sayi farin ƙwai a kwali, rewaya ya zare masa na halojin ya cusa wannan a gurbinsa, a gama cikin minti goma. Amma madubin da ke cikin kwanon fitilar an ƙera shi ne domin ɗan siririn zaren wayar da ke cikin ƙwan halojin, wanda ke zaune a wani gurbi ƙayyadadde, kuma daga wannan gurbi ne madubin ke tattara haske ya kwantar da shi a kan kwalta, ya yanke shi a wani layi da ba ya kai idon mai tahowa. Farin ƙwan kasuwa kuwa haskensa na fitowa ne daga wasu 'yan falle-falle da ke manne a gefe biyu na wani ɗan allo, girmansu da mazauninsu ba lallai su dace da na zaren ba. Sai madubin ya karɓi hasken daga inda bai zata ba, ya watsa shi sama da gefe. Shi ya sa za ka ga mota tana kan dim amma tana haska saman bishiyoyi.

Wani abin takaici kuma, mai motar kansa bai ci ribar da yake zato ba. Farin hasken yana cika gaban motarsa, mita goma ko ashirin na farko su yi fes kamar rana, sai ya ji daɗi ya ce yanzu yana gani. Alhali wannan hasken na kusa yana ƙanƙance ƙwayar idonsa, ya rage masa hangen nesa, inda ainihin haɗarin yake. A lokacin hunturu kuwa, sa'ad da hazo ya turnuƙe, hasken da ya tashi sama ƙura ke dokewa ta mayar masa da shi a fuska. Ya kashe kuɗinsa, ya kashe idon wani, nasa ganin kuma bai ƙaru yadda ya ɗauka ba.

Akwai wasu dalilai biyu da ke ƙara rura wutar, waɗanda ba kasafai ake ambatonsu ba. Na farko lodi. Ƙaramar fitila ana saita ta ne ta sunkuya kaɗan, kimanin santimita ɗaya a kowace mita, kuma a kan rubuta wannan adadi a jikin kwanon fitilar. Motar haya irin Golf ko Sharon da aka danƙare wa but da buhuna har ƙofar ba ta rufuwa, bayanta zai zauna, gabanta ya ɗaga, sai ɗan sunkuyon nan ya koma ɗaga kai. Motoci da yawa da aka shigo da su daga Turai suna da wani ɗan maballi mai juyawa kusa da sitiyari, mai lamba daga 0 zuwa 3, wanda aka yi musamman domin sunkuyar da fitila idan an yi lodi. Na sha tambayar direbobi a tasha amfanin maballin nan, kaɗan ne suka ba ni amsa daidai. Na biyu kuwa ya shafi tarihi. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka fitilar da ta dace da hanyoyinmu ita ce mai ɗaga haske ta dama, wajen gefen hanya, ta kwantar da shi ta hagu inda masu tahowa suke. Motar da aka ƙera domin Japan ko Ingila akasin haka take. Idan aka shigo da ita aka juya mata sitiyari aka bar fitilunta na asali, to ɓangaren da ya ɗaga kai tsaye yake cikin idon mai tahowa, ko da ƙwan halojin ne a ciki, balle an ƙara farin ƙwai.

Ba na jin adalci ne a zagi masu sayen fitilun nan ba tare da an saurari hujjarsu ba. Hanyoyinmu na tsakanin garuruwa babu fitilun titi, farin fentin da ke nuna gefen kwalta ya goge a wurare da yawa, motar da ta lalace ganye ake zuba mata a baya a maimakon alama mai ƙyalli, ga kuma tsoron masu garkuwa da mutane da ya sa kowa ke son hango abin da ke gabansa tun daga nesa. Wanda ya taɓa faɗawa rami da dare ya fasa taya biyu a dokar daji ba zai ji wa'azin rage haske cikin sauƙi ba. Na fahimci wannan. Amma mafi yawan hanyoyin nan falle ɗaya ne, babu abin da ya raba mai zuwa da mai dawowa sai tazarar 'yan ƙafafu. Wanda ya dallare direban tankar da ke tunkaro shi, ya mayar da shi makaho ne a daidai lokacin da ransa ke hannun ganin wannan direba. Kuma da zarar an dallare mutum sau biyu sau uku, shi ma sai ya nufi kasuwa ya sayo wadda ta fi, a haka kowa ya ƙara haske, ganin kowa ya ragu.

A nan ne abin ya taɓo fagen karatuna. Fitila a tsakanin direbobi magana ce, mai ƙa'idojinta na tambaya da amsa. Kalmomin dim da ful da muka aro daga Turanci sun zauna daram a bakin direba Bahaushe, har ya ce wane ya ƙi yi mini dim, kamar yadda zai ce ya ƙi amsa mini sallama. A da, idan motoci biyu suka hango juna, ɗaya zai ƙyafta fitila, ɗayan ya amsa da saukewa, su wuce lafiya, kuma yaron mota yakan koyi wannan ladabi tun kafin a ba shi sitiyari. Yanzu ka ƙyafta wa mutum kana roƙon ya sauke, sai ya danna maka ful domin ya nuna maka cewa dama a dim yake. Roƙon ya rasa ma'ana tun da wanda aka roƙa ba shi da abin saukewa, sai zancen ya koma ramuwar gayya, kowa ya danna tasa har su gitta juna a makance. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kame cuta daga masu bin ta na cikin haƙƙoƙin. Ban ga dalilin da zai fitar da wannan cuta daga cikin hukuncin ba don kawai da haske aka yi ta.

To ina hukuma? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Wole Soyinka, tana da laifin fitila a cikin jerin laifuffukan da take cin tara a kansu. Amma a fahimtar yawancin masu mota, laifin fitila shi ne ƙwai ya mutu ko mota ta yi tafiya da ido ɗaya. Fitilar da ke ci amma tana kallon inda bai kamata ba, ba a cika ɗaukarta laifi ba, kuma ba a gane ta da rana, lokacin da aka fi tsayar da motoci. Birtaniya ta bi wata hanya mai sauƙi: tun 2021, motar da aka cire wa ƙwan halojin aka sa mata zinon ko el-i-di a cikin kwanon da ba nasa ba, ba ta haye binciken lafiyar mota na shekara-shekara, in ban da tsofaffin motoci ƙwarai. Amurka kuwa a 2022 ta halatta fitilun zamani da ke gane motar da ke tahowa su rage haske a daidai inda take, amma wannan maganin masu sabuwar mota ne, mu kuwa yawancinmu 'yan Kwatano muke hawa, kuma za mu daɗe muna hawa.

Abin da ya dace da mu bai buƙatar kasafi mai nauyi. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki tana da hurumi a kan abin da ke shigowa kasuwa, kuma ya fi sauƙi a tantance kwantena a tashar jirgin ruwa da a bi motoci ɗaya bayan ɗaya. Jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda muke kira bi'ayo, su mayar da saitin fitila sharaɗin ba da takardar lafiyar mota, ya zama an gwada da gaske ba an buga hatimi kawai ba. Dogayen fitilun da ake jerawa a goshin manyan motoci an yi su ne domin daji da wuraren aiki, a hana kunna su a kan titin jama'a. KAROTA a Kano da takwarorinta na sauran jihohi su ke da cikin gari, inda a-daidaita-sahu da babura suka fi yawa.

Amma ni na fi sa rai ga tasha. Ƙungiyoyin NURTW da NARTO suna da ikon da babu jami'in da ke da shi a kan direba, domin su ke ba shi layi. Gwajin fitila bango kawai yake buƙata da fili daidaitacce marar gangara: a tsayar da mota mita goma daga bango, a auna tsayin fitilar daga ƙasa, a ja layi a bangon santimita goma ƙasa da wannan tsayi, a kunna dim. Idan hasken ya yanke a kan layin, motar ta hau layin dare. Idan ya haura ko ya watsu babu iyaka, a kira rewaya ya saita, ko ya mayar da ƙwan da aka ƙera kwanon dominsa. Kowace babbar tasha a Arewa tana da bango, tana da rewaya, kuma motocin dare ba sa tashi sai duhu ya yi.