Raba Daidai: Wa Ke Cin Rabon Ɗan Doguwa?

Duk sanda na biyo hanyar Zariya na iso Kwanar Dangora, inda titi ya rabu ya nufi Tudun Wada da Doguwa, nakan ga samari masu shekarun shiga jami'a suna bin motoci da tallar rake da ruwan leda. Da sunan irinsu ne mu 'yan bokon Arewa muke kare tsarin raba daidai. To, su nawa ne a cikinsu suka taɓa cin moriyarsa?

Kundin tsarin mulki na 1979 ne ya kawo wannan tsari, na 1999 ya jaddada shi a sashe na 14, bayan an kafa Hukumar Raba Daidai a 1996. A jami'o'in tarayya kuwa, ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya ta fuskar ilmin zamani, har da Kano.

'Yan'uwanmu na Kudu sun daɗe suna kiran wannan da rashin adalci. A 2013 an yi ta cece-kuce da aka ji cewa ɗan Anambara sai ya ci maki 139 zai shiga kwalejin haɗin kan ƙasa, alhali yaro ɗan Yobe maki biyu ya wadatar masa. Amsarmu kullum ita ce tarihi: Legas ta sami sakandare tun 1859, mu kuwa Kwalejin Katsina sai a farkon shekarun 1920. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ina kanta har yau.

Sai dai laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Idan gurbin Kano ya zo, wa ke ɗauka? Galibi 'ya'yanmu ne da muka kai makarantun kuɗi a Nasarawa da Abuja, masu malamin darasi a gida, waɗanda suka saba da kwamfutar da ake rubuta jarrabawar JAMB da ita. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kan ce Kiru ko Bebeji, alhali mai ita sai da Sallah yake leƙa garin. A Abuja muna neman a yi mana rangwame saboda koma-baya. Idan ɗan Riruwai ya nemi irin wannan rangwame a Kano, sai mu karanta masa darasin cancanta. Alhali shi dai wannan sashe na 14 ya wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi su ma su lura da kowane ɓangare na al'ummarsu. Masu neman Jihar Tiga ba kan banza suke kuka ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan baki biyu ba. A Amurka, Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023, amma hukuncin bai taɓa fifikon da wasu manyan jami'o'i ke bai wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibansu ba. Shafaffe da mai ko'ina yakan kira gatansa cancanta.

Ina ganin gyara ba zai gagara ba. Jami'ar Bayero da ta Wudil su riƙa bayyana yawan ɗaliban da suka ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma cikin 44, da irin sakandaren da suka fito. A keɓe wani kaso na guraben rangwame ga waɗanda suka yi makarantun gwamnati na karkara. Sannan a koma ga tushe. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka kafa a 1977, sun nuna cewa ɗan talaka idan ya sami malami da ɗakin gwaji yakan zama likita ko injiniya ba tare da alfarmar kowa ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muddin ba mu yi wa ɗan Doguwa adalci a gida ba, ba mu da bakin neman adalci a Abuja. Allah Ya sa mu gane.