Dutsen nesa da hatsin Damargu

A Tarka babu dutse mai aman wuta. Abin da ke akwai shi ne rairayi da kwari, gonakin hatsi da garkunan dabbobi. Shi ya sa waɗansu iyaye suke cewa koya wa yara labarin aman wuta ɓata lokaci ne. Gara lissafi da noma, in ji su. Gaskiya ne, lissafi da noma dole ne. Amma wannan darasi ma na manomi ne.

Yaya dutse ke aman wuta? Can ƙarƙashin ƙasa akwai wuraren da zafi ke narkar da dutse. Ruwa yana tafasa a digiri 100, narkakken dutse kuwa yakan kai digiri 1000. Bai kai duwatsun da ke kewaye da shi nauyi ba, saboda haka yana hawowa ta tsagar ƙasa. Akwai iska a matse cikinsa, kamar ta lemon kwalba. In ruwa-ruwa ne, iskar takan fita sannu, shi kuma ya malala. In mai kauri ne kamar tuwo, iskar takan rasa hanya, sai ya fashe, ya watsa toka sama.

Akwai irin waɗannan duwatsu a Nijar. A ƙasar Abzin, wadda mutanenta ke zuwa Damargu sayen hatsi tun zamanin ayari, akwai wurin da ake kira Todra, kusa da dutsen Bagzan. Can akwai tsofaffin bakunan wuta fiye da 100. Sun daɗe da yin shiru.

Waɗanda suka fi shafar manomi su ne na nesa, masu rai. In babban dutse ya fashe, hayaƙin farar wuta yakan tashi sama fiye da kilomita 20. Can ya zama wani hazo mai laushi, ya zagaya duniya, ya tare hasken rana har shekara ɗaya ko biyu. In hazon ya fi yawa a arewacin duniya, tekun arewa yakan yi sanyi, gizagizan damina kuma su kasa matsowa arewa yadda suka saba. Damargu kuwa tana bakin iyakar noma, inda ruwa kaɗan ne tun asali.

Ga misali biyu. A 1912 wani dutse ya fashe a yankin Katmai, cikin Alaska. A 1913 damina ta ƙi, aka shiga yunwar Kakalaba. A 1982 dutsen El Cicon ya fashe a Meksiko. Daminar 1983 da ta 1984 suka lalace, dabbobi suka mutu, mutane da yawa suka bar garuruwansu. A 2013 waɗansu masana na Ingila sun nuna cewa akwai dangantaka tsakanin irin wannan aman wuta da farin Sahel. Ba dutse kaɗai ke kawo fari ba, amma yana da hannu.

To, ina amfanin sani? Ba mai iya toshe bakin dutse. Amma mai rumbu yana iya rufe rumbunsa. Ɗalibin da ya gane darasin nan, in ya ji rediyo ta ce babban dutse ya fashe a arewacin duniya, sai ya faɗa wa mutanen gida. Kada a kwashe hatsi a kai kasuwar Balbaji ko ta Tanut da kaka, lokacin da ya yi araha. A ajiye iri mai saurin nuna. A tara harawa da karan dawa don dabbobi. In damina ta yi kyau, ba a yi asarar kome ba. In ta ƙi, gidan yana da abin kai wa baki.

Saboda haka ya kamata darasin aman wuta ya zauna a lakwal, a kuma koyar da shi da Hausa, don yaro ya iya maimaita wa kakansa shi da dare a tsakar gida.